Kebul Ɗin Bayan Tebur

Ranar da firintar shagon Baba ta ƙi fitar da takarda, ranar Auta ta fara ganin Injiniya. Ya yi sallama, ya ajiye 'yar jakarsa, ya durƙusa bayan tebur. Ashe kebul ne ya saki. Yana mayarwa firinta ta yi tari ta turo takarda.

"Kin ga, kwamfuta kamar mutum take," in ji shi. "Kibod da mawus da sikana, da su take ji take gani. Sikirin da sifika da firinta kuwa bakinta ne. In baki ya rufe, abin da ke ciki sai ya zauna a ciki."

Auta ta sunkuyar da kai, don nata bakin ma ya rufe.

Ba a jima ba mawus ya tsaya. Sai sifika ta yi shiru. Sai sikana. Auta ce ke zura hannu bayan tebur ta zare kebul, sannan ta ce, "Baba, a kira Injiniya." Shi kuwa yana gani yake ganewa, amma sai ya zauna yana goge abin da lafiyarsa ƙalau.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Sarauniyar shago, yau me ya lalace?"

"Babu komai. Abin da ya dame ni ke nan."

Da ya aiko neman aurenta, Baba ya yi tsalle ya dire. "Wanda gyaransa ba ya kwana? Firinta ma ta gagare shi, balle 'yata! Kada ya ƙara taka min shago."

Komai na shagon ya koma aiki daidai, ban da Auta. Tana buga wa mutane takardu, idonta na ƙofa. Duk babur ɗin da ya tsaya sai ta zaci Injiniya ne.

"Kin gaya wa Baba gaskiya?" Injiniya ya rubuto.

"Kunya ta hana ni."

"Ni kuwa ba zan tona ki ba, hasken idona. Zan jira."

Ran nan kewa ta ishe ta, hannunta ya tafi bayan tebur ya zare kebul ba da saninta ba. Baba ya kira wani mai gyara, wanda ya daɗe yana zagayen shagon saboda Auta. Mutumin ya leƙa, ya yi dariyar burga.

"Baba, ai ba lalacewa ba ce. Dubi ƙura ko'ina, ban da kan wannan kebul. Hannu ne ya saba da shi."

Baba ya dubi Auta. Auta ta dubi sikirin.

Washegari ta tarar da Baba a durƙushe bayan tebur, yana nishi saboda ciwon gwiwa, hannunsa cike da kebul.

"Auta, kibod ya mutu, firinta ta mutu, duk sun mutu," in ji shi, bai kalle ta ba. "Kira yaron nan. Ki ce ya taho da manyansa."

Hawaye suka zubo mata. "Baba..."

"Tashe ni tukuna, 'yar nema."

Firintar ce ta buga katin aurensu, ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. Baba ya riƙe na farko da ɗuminsa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Ke kuma daga yau, in kina son ganinsa, ki buɗe baki."