Hannun Da Zai Dafa Kafaɗar Yareli

"Kin amsa mata?! Noemí, dube ni... kin ce kin yarda?"

Ban taɓa ganin Efraín haka ba. Yana tsaye jikin motarsa a ƙofar cibiyar kula da yara ta unguwarmu, takalmansa duk lakar gonar latas, yana murɗa hularsa kamar mai matse wanki.

"To me zan ce? Ƙanwarka ta zo da ƙwalla tana roƙon in zama madrinarta, uwar da za ta tsaya mata ranar da za a tabbatar da ita a coci. Kafaɗarta kawai zan dafa, ba ƙodata zan ba ta ba!"

"Zuciyata, ni ne uwa ni ne uba a wajen Yareli tun da hukuma ta mayar da babanmu Michoacán, can Meziko. Ranar da kika dafa kafaɗar nan, kin zama comadre a gare ni. Mu a gidanmu comadre ta fi 'yar'uwa ta jini. Ba a nemanta, ba a aurenta."

Na yi dariya.

Shi bai yi ba.

Ni a nan Amurka, a garin Salinas, aka haife ni, kuma a sanina comadre suna ne da mata ke kiran juna in za su fara gulma. Ina na san yana raba masoya?

Aikin sa kai ne ya kawo ni cibiyar, mu ɗaliban jami'a muna zama da yara bayan an tashi makaranta. Aka haɗa ni da Yareli, 'yar shekara sha huɗu mai baki kamar reza. Duk wadda aka ba ta a baya, da zango ya ƙare sai ta ɓace. Ranar farko ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ke kuma yaushe za ki gudu?" Na rantse mata ba zan taɓa saɓa mata alkawari ba. Yayanta kuwa kullum shi ke zuwa ɗaukarta, tun muna gaisawa ta gilashin mota har ya fara kawo min tamales, wani dafaffen ƙullin masara a nannaɗe cikin ganye, wai kakarsu ce ta yi da yawa.

Washegarin maganarmu da Efraín na tambayi Yareli, "Wa ya ba ki shawarar ki zaɓe ni?"

"Brenda mana. Ta ce babu wadda ta dace sai ke."

Brenda! Ajinmu ɗaya, tare muke aikin cibiyar, ita ke koya wa yara karatun coci ranar Asabar. Iyayenta ƙauyensu ɗaya da su Efraín, ta san al'adar ciki da waje. Kuma tun ba yau ba, in motarsa ta tsaya sai ta tuna tana da jan baki a jaka.

Na ruga wajen kakarsu, Doña Remedios, ko za ta sassauta.

Ta kama hannuwana tana murna. "'Yata, kin ɗauko girma! Daga ranar nan kujerarki daban a gidan nan. Jikana zai cire miki hula har ya mutu."

"Kaka, idan kuma... idan mutane biyu suna son juna fa?"

Fuskarta ta canja. "Sai su haƙura. Abin da aka ƙulla a gaban Allah ba a wasa da shi."

Mamata kuwa har da tafi. "Madalla! Ban sunkuya a gona har bayana ya lalace don ki kammala jami'a ki auri mai yankan latas ba."

Makon nan ban san inda kaina yake ba. In buɗe littafi in rufe. In ɗauki waya in ajiye. In shiga mota in zaga unguwa in dawo ban je ko'ina ba. In na janye, na zama ɗaya daga cikin masu gudu, kuma yarinyar nan ba za ta ƙara yarda da kowa ba. In na cika, na rasa shi. Ina son sa, son da ke hana ni haɗiye abinci.

Ranar Alhamis na same shi a mota.

"Zan dafa ta, Efraín."

Ya daɗe yana kallon sitiyari. "Na sani. Da kin fasa ma, da ba ke ba ce."

"Ka yafe min..."

"Tafi, Noe. Don Allah tafi kafin in roƙe ki."

Na juya, sai ga Yareli a bayana da jakarta a kafaɗa. Ta shige mota ta buga ƙofa.

Asabar aka yi gwajin bikin a coci, iyaye sun cika kujeru. Doña Remedios tana gaba da mayafinta, Efraín yana can baya kansa a ƙasa. Brenda sai kai da kawowa take tana jera yara, bakinta har kunne.

Fada ya ce, "Kowa ya kawo wanda zai tsaya masa."

Na taka na tsaya bayan Yareli. Na ɗaga hannuna zan dafa ta...

Ta zame.

Ta ratsa layi, ta kamo hannun Brenda, ta ɗora a kafaɗarta da ƙarfi.

"Fada, ga madrinata. Ita ta koya min duk addu'o'in da na iya. Ko ba haka ba, Kaka?"

"Haka ne, wallahi!" in ji tsohuwa tana share ido.

"Ni... ai... Noemí ce..." Brenda ta fara in'ina.

"Au, ba kya so na?" Yareli ta faɗa da ƙarfi, yadda har na baya suka ji.

Uwar Brenda tana zaune a layi na biyu, ta watsa mata wani kallo. A gaban fada da mutanen ƙauyensu, wa ya isa ya ƙi yarinyar da ba uwa ba uba a kusa? Brenda ta bar hannun a inda yake.

Efraín ya taso a hankali, ya cire hula, ya rusuna mata. "Mun gode, comadre. Allah Ya saka."

Na fita waje da gudu don kada in yi dariya da kuka a cikin coci. Yareli ta biyo ni.

"Kin ji haushi?"

"Ke dai ba ki da kirki! Na yi miki alkawari fa."

"Madrina ranar biki take zuwa, ta ɗauki hoto, ta koma gidansu." Muryarta ta karye, bakin nan mai kaifi ya kasa. "Ni a gidanmu nake son ki, Noe. Kullum."

Na rungume ta har ta ce zan karya ta.

Da na ɗago, Efraín yana tsaye a bakin ƙofa, idanunsa jajir.

"Zuciyata... gobe zan je wajen mamanki. Ko da tsintsiya ta kore ni, jibi zan koma."

Ta kore shi kuwa, ba sau ɗaya ba. Amma ranar aurenmu ita ta kwana tana dafa miyar biki, kuma da hannunta ta zuba masa.