Kada Wanda Ya Ɗaga Shi

"Kada wanda ya ɗaga shi!"

Auta ta faɗa tun kafin ta gama dirowa daga motar asibiti. Jama'a suka dare. Sai da ta durƙusa ta ga fuskar wanda ya faɗin, jakar maganinta ta kusa suɓucewa.

Dogo ne, mai gyaran lantarkin da ya shekara biyu yana neman aurenta, kwance a gindin tsani a ƙofar gidansu, jini na bin goshinsa.

Wata uku rabonta da shi, tun ranar da mahaifiyarsa ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da nas mai yawo a mota tana taɓa mazan mutane ba.

Ga uwar nan a kansa, ko mayafi babu, tana jan hannunsa.

"Umma, ki sake shi. Idan wuyansa ya motsa, ƙila ba zai ƙara takawa ba."

"So kike ya mutu a ƙasa? Babansa ma da ya faɗo, cicciɓarsa aka yi aka sa a bayan mota..."

Kowa ya san baban bai kai asibiti da rai ba.

"Lokacin babu irinmu, Umma. Zo ki riƙe min kansa, kamar haka."

Umma ta durƙusa ta riƙe. Auta ta ɗaure wuyan, ta tsayar da jinin, ita da direba suka zura shi kan allon ɗaukar majinyaci.

A hanya numfashinsa ya fara sarƙewa. Ta sa masa iska, ta sunkuya saitin kunnensa, hawaye na ɗiga.

"Masoyi, kar ka yi min haka... Ko ba ka aure ni ba, ka rayu. Don Allah matsa hannuna."



Har sun shiga ƙofar asibiti kafin ta ji yatsunsa sun motsa.

Likita ya ce ƙashin wuya ne ya tsage, saura ƙiris ya taɓa laka.

Bayan sati shida, Auta na jera kaya a mota ta ji sallama. Umma ce.

"Jiya ya taka, 'yata. Taku huɗu. Kawunnansa na tambayar ranar hutunki, za su je gidanku."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Umma, ba zan iya barin aikin nan ba."

"Wa ya ce ki bari?"

Wayar kiran gaggawa ta ɗauki ƙara, direba ya tada mota. Umma ta yi saurin matsawa gefe, tana goge ido.

"Je ki, ɗan wata na can kwance."