Waƙar Halas

"Ka kashe waƙar nan, Rilwanu!"

"Haba sheri, masoyiyata, bari ta kai amshi mana..."

"Wallahi in ba ka kashe ba, tafiya zan yi!"

Mastura ta miƙe daga kujerar roba tana gyara abayarta, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Duk wanda ya gan su a ƙofar shagon nan na kasuwar Balad da ke Jidda, tsakanin dardumai da carbi, sai ya rantse kama shi ta yi da wata budurwar. Alhali kuwa a kan wani tsoho mai furfura suke wannan tashin hankali, wanda bai ma san da zamansu a duniya ba.

Illa Ɗan Tanut ke nan, mawaƙin rok na Nijar, wanda a zamaninsa in ya ja gita sai ka ji ta har cikin haƙoranka. Mastura haifaffiyar Jidda ce, jikar alhazan da suka zo ba su koma ba, Hausarta ta kunne ce fiye da ta baki. Amma ta tashi a unguwar Mahjar tana jin tsofaffin kaset ɗin Ɗan Tanut a motar Abbanta, kuma tun da Allah ya yi masa rasuwa ba ta ɗaukar wasa da waɗannan waƙoƙi. Su ne ma suka haɗa ta da Rilwanu. Darduma ta zo saya, ta ji gitar tana tashi daga wayar mai tsaron shagon, ta manta da abin da ya kawo ta.

Matsalar ita ce tsoho ya ƙi ajiye gita. Faifansa na baya-bayan nan ya raba masoyansa gida biyu, har a guruf ɗinsu na waya kullum sai an yi baran-baran.

"Muryarsa ta mutu," in ji Mastura. "Gitar ma kamar mai jin barci. Yana ta yawon Turai yana yi wa masu jajayen kunne wasa, suna zaune sun harɗe ƙafa. Wannan ba Ɗan Tanut ɗin Abba ba ne!"

"Shi ne dai. Girma ya yi, ba mutuwa ba. Ke so kike mutum ya yi saba'in yana tsalle?"

"Ina so ya san lokacin da ake yin shiru! Ai shi da kansa ya faɗa. Baitocin duk Buzanci ne ban ji ba, amma amshin na ji shi sarai. Khalas, khalas! Ya ƙare, bankwana yake."

Rilwanu ya yi murmushin nan nasa mai ƙona mata rai.

"Halas ya ce."

"To ni me na ce? Khalas!"

"Ba ɗaya ba ne, Mastura."

"A bakinka komai ɗaya ne! Mutumin da ke ce wa khubz hubuz in ya je sayen burodi?"

Nan kam ta same shi. Shekararsa huɗu a Jidda tun da ya zo umra daga Damagaram ya ƙi komawa, amma harafin nan na maƙogwaro ya gagare shi. Ta sha zaunar da shi tana koya masa, sai ya yi ta kakari kamar mai ƙaya a wuya, ita kuwa tana dariya har da hawaye.

"Hausarki ta Jidda ce," ya ce a hankali.

"Au, gori za ka yi min?"

"A'a, habibti. Akwai ranar da zan fassara miki waƙar nan. Amma ba a bakin titi ba."

"Riƙe fassararka!"

Ta juya ta tafi. Ba ta kai ƙarshen lungun ba ta waiwayo, ta same shi yana kallonta, ta murguɗa masa baki. Son shi take kamar ranta, shi ma ya san haka.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Rilwanu ya ɗauki Malam Usman, wani dattijon garinsu, suka je Mahjar neman aure. Mastura na bayan labule tana kasa kunne. Yayanta Badr ne ya karɓe su, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Abba. Ko gahawa bai bari sun kurɓa ba.

"Fen iƙama? Ina takardar izinin zamanka?" ya tambaya.

Rilwanu ya girgiza kai.

"Ina kafilinka, ubangidan da ya tsaya maka?"

"Ba ni da shi, Yaya. Amma ina da sana'a, kuma..."

"Kar ka ce min Yaya! Ƙanwata zan ba mutumin da in ya hango motar 'yan sanda sai ya shige lungu? Wane alƙali zai rubuta auren? 'Ya'yanku kuma da sunan wa za su shiga makaranta? Yalla, ku tashi!"

Malam Usman ya fara ba da haƙuri, Badr ya riga ya buɗe ƙofa. Da suka fita ya ɗaga labulen, ya fizge wayar Mastura daga hannunta, ya ce ko Balad ta sake takawa sai ta gane kurenta. Ta faɗa jikin Ummi tana kuka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, duk rashin mutuncin Badr, babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa.

Sai ya zamana ba ta da ƙafa sai Tahani, 'yar gwaggonta kuma aminiyarta. Tahani na da wa, Hatim, mai aikin ofis da mota da takardu cikakku, wanda ya daɗe yana zagayen Mastura tana yi masa kallon ɗan'uwa. Mastura ba ta kawo komai a ranta ba, ta roƙe ta ta je Balad ta dubo mata Rilwanu.

Tahani ta dawo da la'asar, ta zauna a bakin gado ba ta ko cire niƙabi ba.

"Ya albi, zuciyata, ya tafi."

"Ina?"

"An yi afuwa ga marasa iƙama, an ce duk mai son fita ya fito. Da ƙafarsa ya kai kansa. Na same shi yana ɗaure jaka."

"Ƙarya ne! Me ya ce? Me ya ce ki gaya min?"

Tahani ta kalli ƙasa.

"Kalma ɗaya."

"Faɗi mana!"

"Khalas."

Mastura ba ta yi kuka nan take ba. Khalas? Zagi ɗaya daga bakin Badr, shi ke nan ya naɗe tabarmarsa? Ita da ta shirya yin shekara tana faɗa da gidansu saboda shi? Ashe shi ya sa yake son waƙar tsohon nan, waƙar masu gajiya su ajiye kaya.

Baƙin ciki ya juye ya koma fushi, Mastura kuwa in ta yi fushi ba ta jin kira. Da Badr ya mayar mata da wayar, lambar Nijar ta yi ta shigowa safe da yamma. Ta toshe ta. Wata ta shigo, ta toshe. Saƙon murya ya zo, ta goge ba ta saurara ba. Daga ƙarshe ta karya layin, ta fice daga guruf ɗin masoya Ɗan Tanut, ta ce wanda ya ce khalas ba shi da sauran magana.

Da Hatim ya turo, ita da bakinta ta ce ta yarda.

"Binti, ki yi tunani," in ji Ummi. "Ba a aure don huce haushi."

"Na gama tunani, Ummi."

Aka sha biki. Tahani ce ta fi kowa rawa.

Ba za a ce Hatim mugun miji ba ne, kuma wannan ma wani ciwon ne, don ko abin da za ta riƙe ta tsane shi bai ba ta ba. Shekara biyu suna zaune lafiya, irin lafiyar da ba ta da ɗanɗano. Wata rana ya shigo yana fara'a, ya nuna mata tikiti uku a waya.

"Tsohon nan naku zai yi wasa a Abhur, a bakin teku. Na san kina son shi. Da ni da ke da Tahani."

Ta so ta ƙi. Sai ta tuna motar Abba, ta ce to.

Rana na shirin faɗuwa aka fito da Ɗan Tanut, ana riƙe da hannunsa. A kujera ya zauna. Ya yi sababbin waƙoƙi biyu, filin ya fara guna-guni. Wani matashi a bayansu ya ɗaga murya.

"Khalas ya shaiba, ya isa haka tsoho! Ba mu tsofaffin waƙoƙin!"

Aka yi dariya, har Mastura ta ji daɗi a ranta. Tsohon ya ɗora tafinsa a kan igiyoyin gitar, ya matso da bakinsa.

"Na ji ku, 'yan Jidda," ya ce da Hausarsa ta Nijar. "An gaya mini kun ce na yi muku bankwana a waƙa. Ni ban ce khalas ba. Halas na ce, ta Hausa, abin da Allah ya halatta. Ba ku jin ana cewa ɗan halas?"

Murmushin Mastura ya ɗauke.

"Ina saurayi iyayen wata yarinya suka kore ni, suka ce ba ni da komai sai gita. Na ce mata, zan tafi in nemo halas, ki jira ni. Ta jira. Muka yi shekara arba'in tare. Da ta rasu na yi mata wannan waƙa. In kun ji muryata ta mutu, to tare aka binne su."

Ya ja gitar a hankali. Wannan karon ba wanda ya yi guna-guni.

Mastura ta juya ta kalli Tahani. Tahani na kallon takalminta.

"Me ya ce miki a Balad?"

"Mastura, mutane na..."

"Me ya ce miki?!"

"Ni... ai kin san bakinsa. Halas, khalas, duk ɗaya yake faɗa."

"Kalma ɗaya ya faɗa?"

Tahani ta kau da kai, hakan kuwa ya ishi amsa.

Mastura ta ce wa Hatim iska take so, ta kutsa cikin jama'a ta fita. Ta isa inda ake ajiye motoci. Direbobin gidajen Abhur sun jingina da motocin iyayen gidansu suna jira, sautin na iso musu ta saman katanga. Ɗaya daga cikinsu ya rufe ido yana bin amshin da leɓɓansa.

Ko cikin dubu za ta gane shi.

"Rilwanu..."

Ya buɗe ido. Ya rame, ya tara gemu, farar rigar direba a jikinsa. Ya daɗe yana kallonta kafin ya gyara tsayuwa.

"Mastura. Ina wuni?"

"Yaushe ka dawo?"

"An kwana biyu. Na samu kafili, da biza na shigo. Ga iƙamar a aljihu." Ya dafa ƙirjinsa. "Daga filin jirgi Mahjar na nufa. Mai shagon ƙasan gidanku ya ce min kin yi aure."

"Me ka ce wa Tahani? Don Allah gaya min yadda ka faɗa."

"Na ce ta gaya miki Badr ya yi gaskiya. Zan fita ta ƙofa in dawo ta ƙofa. Na tafi neman halas, ki jira ni. Na ɗauka za ki tuna waƙar. Na ce in na dawo, a ɗakinki zan fassara miki ita."

"Khalas ta ce min! Kalma ɗaya ta kawo min, Rilwanu!"

"Na kira ki."

"Na sani..."

"Na kira har aka ce min layin ba ya aiki. Saƙo nawa na tura? Ko ɗaya da kin buɗe."

Ta sunkuyar da kai. Tahani ta yanke saƙo, gaskiya ne, amma ba Tahani ce ta karya layin ba. Hawaye suka jiƙa mata mayafi. Iskar teku ta manna abayar a jikinta, cikin da take ɗauke da shi ya fito fili. Ta ga idonsa ya sauka a kai, ta ga ya kawar.

"Allah ya raba lafiya," ya ce.

"Kar ka yi min haka... Ka zage ni mana! Ka ce wani abu!"

"Me zan ce wa matar mutum?"

"Rilwanu, wallahi ban daina..."

"Kar ki ƙarasa." Ya ɗaga hannu. "Na sha wuya a kan halas. Ba zan zo nan in ɓata ta ba."

Daga can bakin ƙofa ta ji muryar Hatim yana kiran sunanta, yana waige-waige da jakarta a hannu. A cikin filin kuwa dubban mutane sun ɗauki amshin tare da tsohon, kowa na faɗin kalmar daidai.

Rilwanu ya buɗe ƙofar motar, ya tsaya.

"Kin tuna harafin nan da kike koya min? Maigidana ya gyara min baki. Yanzu na iya."

Ya dube ta, ya fito da shi daga can cikin maƙogwaro, tsaf kamar haifaffen Jidda.

"Khalas, Mastura."

Ya shiga ya ja ƙofar.