Baƙon da Ba a Sallama Ba

Ku matso kusa. Ke Ladidi, rage fitilar nan, tana shigar mini ido. Yau labarin ya dawo mini, bari in ba ku kafin ya sake gudu.

Kun san Kamilu, ɗan ƙanwata. A shekarun da nake yawon karatu gari-gari na sauka a gidansa. Damina ce, ko kaka? An dai yanke gero. Lokacin yana gadin ƙarfen sabis ɗin nan na kan Tudun Marke, bayan gari. Aikin dare ne. Daga shi sai janareta sai 'yar bukkar kwano. Wuta ba ta ɗaukewa a can, don haka ya samo tsohuwar kwamfuta yana buga wani wasa, kada barci ya ɗauke shi.

Ya taɓa kawo ta gida ya nuna mini. Ana ba ka ɗan mutum a cikin allon, kai za ka zaɓa masa sana'a. Akwai mai takobi, akwai maharbi, akwai mai warkar da rauni, akwai kuma mai kira. Duk sa'ad da mutumin naka ya ci yaƙe-yaƙe ya hau mataki, sai a ba ka maki ɗaya ka sayi sabon sihiri. An jera sihirin kamar rassan itace. Ba ka kama na sama sai ka taka na ƙasa.

Kamilu mai kira ya zaɓa. Shi wannan ba ya yaƙi da hannunsa. Wasu halittu yake kira su yi masa. Itacensa reshe biyu gare shi, na dama kira, na hagu sallama.

"Kawu, dubi nan," in ji shi. "Da karen hayaƙi na fara. Sai tsuntsun wuta. Yanzu saura kaɗan in kai na ƙoli, Mai Doguwar Riga. Wannan ba abin da ke tsaya masa."

Na ce, "Reshen hagun nan fa da ya bushe?"

"Sallama ce. Asarar maki. Wa zai sha wahalar kiran ƙato kuma ya sayi abin korarsa?"

"Ɗan nan, a ina ka taɓa ganin an kira baƙo ba a sallame shi ba?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kawu ke nan. Wasa ne fa."

Ina na tsaya? Yauwa, Hansatu, matarsa. Tana da tsohon ciki a lokacin. Wata safiya, bayan ya sauko daga aiki, ta kawo mana koko. Kofi uku.

Na ce, "Na ukun na wa?"

"Na baƙonku mana, Baba. Dogon nan da ke biyo maigidana da asuba. Da farko a ƙofar zaure yake tsayawa. Jiya na gan shi gefen randa. Yau kuwa har bakin ɗakina. Na gaishe shi, bai amsa ba."

Kofin Kamilu ya faɗi.

Sai da ta shiga ciki ya iya magana, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce tun daren da ya sayi sihirin ƙoli wani mutum yake zuwa ya zauna a bencinsa. Ya ɗauka makiyayi ne. Ya ba shi shayi, bai sha ba. Ya tambaye shi suna, ya tambaye shi gari. Amsa ɗaya ce kullum.

"Me yake cewa?"

"Ka kira, na zo."

Daren nan na ɗauki sandata na bi shi.

Hanyar tudun siririya ce, ƙaya dama da hagu. Gyare na ta kuka har muka kai bukkar. Kamilu ya kunna kwamfuta. Ni na zauna a tabarma ina jan carbi.

Sai gyaren suka yi shiru. Duka, lokaci ɗaya.

Bencin ya yi ƙara.

Ban ga shigowarsa ba. Kawai yana zaune. Dogo ne, kansa na gogar kwano. Rigarsa baƙa, ba ta motsi, ga iska kuwa tana kaɗa tawa.

Na yi masa sallama.

"Ka kira, na zo."

Muryar ba numfashi a cikinta. Ya sake faɗa, daidai da ta farko, ba ƙari ba ragi, kamar an danna abu.

Na sauke idona ƙasa don in ga ƙafarsa. Yara, babu ƙafa. Rigar ta ƙare, sai fili, sai ƙasa. Ina hango murfin galan ta ƙarƙashinsa. Na dubi allon. Ga Mai Doguwar Riga a bayan ɗan mutumin Kamilu, shi ma haka, yana shawagi. Masu wasan ba su zana masa ƙafa ba.

Na kama karatu a zuci.

"Sayi sallamar," na raɗa.

"Ba ni da maki, Kawu. Mataki na gaba sai na yi wata ina yaƙi."

"Cikin Hansatu ba zai jira wata guda ba. Babu wata hanya?"

Akwai wata rijiya, in ji shi, a garin da wasan ya fara. Rijiyar mantuwa. In mutuminka ya sha ruwanta, duk sihirinsa ya goge. Ya koma matakin farko da maki ɗaya tak.

"Duk abin da na gina, Kawu. Tun bara."

"Tafi rijiyar."

Ya fara tafiyar da ɗan mutumin. Ta daji, ta gada, ta wata kasuwa da ba kowa. Janareta ya yi tari. Fitila ta lumshe, ta dawo. Baƙon ya matso a kan bencin, bencin na kuka. Sanyi na fitowa daga jikinsa kamar bakin randa.

Ga rijiyar. Rubutu ya fito a allon, ana tambaya ko zai sha.

A nan baƙon ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

"Na ga ɗakin. Akwai mai zuwa. Zan jira shi."

Hannun Kamilu ya sandare a sama. Yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Hawaye kawai ke zuba.

"Kawu... hannuna... ba na jin hannuna."

Na ce, "Wane madanni ake dannawa?"

"Babban nan. Na dama."

Ban taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar. Na yi bisimilla na danna.

Itacen sihirin ya bushe, reshe bayan reshe. Karen ya ɓace. Tsuntsun ya ɓace. Mai Doguwar Riga bai ɓace ba. Na kan bencin ya juyo da kai a hankali, ya dube ni. Ban tuna fuskarsa ba, kuma na gode wa Allah.

"Wanda ya danna, shi ya sha," in ji shi.

Hannun Kamilu ya saki. Da makin nan guda ya sayi sallama, ya danna ta.

Baƙon ya miƙe.

"Ba rakiya?"

Muka raka shi. Shi a gaba, mu a baya, na riƙe hannun Kamilu kamar ranar da na fara kai shi makaranta. Ƙarar takalmanmu kaɗai ake ji. A gindin marken da ke ƙasan tudu ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ka sallama, na tafi."

Gyare suka ci gaba da kuka.

Hansatu ta sauka lafiya a satin. Mace aka samu. Ba ta sake kawo kofi na uku ba.

Ni kuwa, washegarin daren nan da safe na nemi sunan malamina na farko na rasa. Daga baya sunayen garuruwan da na zauna suka fara tafiya. Yanzu wani baitin da na karantar da mutane shekara da shekaru, sai in kama farkonsa, ƙarshen ya zille. Likita ya ce tsufa ne. Ƙila haka ne. Allah ne masani. Da za a sake ajiye mini madannin nan, zan sake dannawa.

Ku dai in kuna wasanninku, duk abin da za ku koyi kiransa, ku fara koyon yadda ake sallamarsa. Kuma hanyar Tudun Marke, kada wanda ya bi ta shi kaɗai bayan isha'i, don mu iyakar gindin itacen muka raka shi.

Ke 'yar nan mai riƙe da fitila, ɗaga ta in gan ki. Kin yi kama da Hansatu. Ya sunanki ma?