Jan Kofin Auta

Ranar da aka sa Auta a ajin ƙarin darasi, ko abincin rana bai ci ba don fushi.

Auta yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Lissafi ne ya sa shi gaba. Shugaban makaranta ya ce duk wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshen shekara zai maimaita aji. Shi ya sa aka buɗe ajin ƙarin darasi bayan an tashi, don a taimaki irin su Auta.

"Ni za a haɗa da marasa ƙoƙari?" in ji shi. Ya shiga ajin yana cika yana batsewa.

Malamar ajin tana da wata dabara. Ta ba kowane ɗalibi kofin roba biyu, ja da kore.

"Idan ka gane, ka kifa koren a kan jan," in ji ta. "Idan ba ka gane ba, jan ya hau sama. Ina ganin ja zan zo wurinka."

Auta ya taɓe baki. Wato ya tallata wa duniya cewa bai gane ba? Allah ya kiyaye. Ya kifa koren a kan jan, ya danna da ƙarfi.

Yarinyar da ke zaune gefensa kuwa kullum jan kofinta yana sama. Malama ta zo, ta ja kujera, ta yi mata bayani. Gobe ma haka. Auta ya riƙa yi mata dariya ƙasa-ƙasa. Alhali shi ma ko kaɗan ba ya gane abin da ke kan allo.

Aka yi gwajin tsakiyar zango. Yarinyar ta ci. Auta ya faɗi warwas.

Ya tafi shagon babansa idonsa jawur. Baba tela ne, yana kan keken ɗinki.

"Baba, Malama son kai take yi. Kullum tana wurin wata yarinya. Ni ko sau ɗaya ba ta taɓa tsayawa a kaina ba."

Baba ya tsayar da keke. "Ko sau ɗaya?"

"Wallahi ko sau ɗaya."

Ran Baba ya ɓaci ƙwarai. Washegari ya rufe shago ya nufi makaranta, tef ɗin awo na rataye a wuyansa.

"Malama, wannan ba adalci ba ne," in ji Baba. "Kun ce za ku taimaki yaro, kun bar shi zaune kamar kujera. In ya maimaita aji, laifin wa?"

Malama ba ta yi musu ba. Ta yi masa bayanin kofunan, sannan ta kai shi teburin Auta.

"Baba, don Allah ciro mini jan," in ji ta.

Baba ya ja, kofi ya ƙi fita. Ya murɗa, ya sake ja, da ƙyar ya rabu da koren. Koren duk ya koɗe ya sha ƙura. Jan kuwa sabo fil, kamar yau aka sayo shi.

Baba ya dubi kofin, ya dubi ɗansa. Yanzu fushin ya sauya gida.

"Auta, idan na ɗinka wa mutum riga ta matse shi, na tambaye shi ya ce ta yi daidai, wa zai sha wahala?"

"Shi," in ji Auta, kansa a ƙasa.

"Shi ne ka sa na rufe shago na zo ina yi wa baiwar Allah faɗa?"

Kunya ta rufe Auta. "Tsoro nake ji a ce ni daƙiƙi ne."

Malama ta dafa kafaɗarsa. "Ni ma da laifina. Ya kamata in yi shakkar koren da ba ya sauka. Amma ba na ganin cikin kanka, kofinka nake gani."

Baba ya ba Malama haƙuri. Auta ma ya ba ta.

Da aka fara darasi, Malama ta rubuta lissafi a allo. Auta ya ɗora jan kofi a sama. Ya jira dariya. Ba wanda ya ko waiwaya. Malama ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

Daga ranar jan kofin Auta bai huta ba. Har yarinyar nan ta riƙa tsokanarsa: "Kai, ka bar mana Malama mana."

Ƙarshen shekara Auta ya ci jarrabawa, ya wuce zuwa aji biyu tare da abokansa. Ya kai wa Baba labari a shago da gudu.

"Me ka koya?" in ji Baba.

"Lissafi," in ji Auta. "Kuma na koyi cewa faɗin 'ban gane ba' ba abin kunya ba ne. Wanda ya ɓoye matsalarsa, shi ya hana a taimake shi."