Tabarmar Munir

A fadamar Tama, ranar dashen albasa, Nasiba ta fara ganin Munir. Ta kawo wa ma'aikatan lambun babanta fura, kowa ya sha ya miƙa gaba, shi kaɗai ya ɗago ya yi mata godiya. Ta koma gida ba ƙwaryar, abin da bai taɓa faruwa da ita ba.

Munir ɗan gudun hijira ne. 'Yan bindiga sun ƙone garinsu a wajen Sabon Birni, sun kashe mahaifinsa da baffanninsa, ya tsallako iyaka da tsohuwarsa. Hausarsa kusan irin tamu ce, alƙiblarmu ɗaya. Amma ka san halinmu, da an ce "ɗan Najeriya ne" sai kowa ya ƙara ɗaure akuyarsa.

Kafin albasa ta yi kai, soyayya ta yi nisa.

"Hasken idona, yau hurar ba daɗi tunda ba ke kika kawo ba," ya rubuto mata.

"Maƙaryacin banza. Gobe ni ka zuwa, nawan."

Ana haka aka sace tumaki a garin. Umaru, ɗan gwaggon Nasiba wanda ya daɗe yana sonta, ya bi majalisu yana hura wuta. "Irin su Munir ka kai ma ɓarayi labari! A kira jandarma, ko mu hidda shi da kanmu." Samari suka fara bin Munir da ido, wasu da sanduna a hannu. Ya daina amsa saƙonninta don kada ya ja mata, ita kuwa ta ɗauka gudu zai yi. Ta yi kuka har ta gode Allah.

"In ka bar ni ba sallama, ban yahe ba," ta rubuta.

"Ba ni zuwa ko'ina, rabin raina. Gobe ina gaban Baba."

Malam Yusuf, mahaifinta, ko wurin zama bai nuna masa ba. "Mu nan ba mu ba da ɗiya ga wanda ba mu san tushenai ba. Ka kawo magabatanka ran Juma'a. In babu, ka bar muna gari." Malam Yusuf ya san sarai duk suna kabari, kuma wannan shi ne abin da ya fi yi wa Nasiba ciwo.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi biyu a ƙofar gida. Ɗaya ta cika da dangin Nasiba, ɗayar Munir ne kaɗai a kai, ya sunkuyar da kai. Samari sun yi cirko-cirko a bakin hanya. Nasiba na bayan zana tana leƙe.

"To, ina mutanen naka?" Umaru ya tambaya yana murmushi.

Sai Baba Alƙasim, yayan Malam Yusuf, wanda shi ya kamata ya zama waliyyin Nasiba, ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya ɗauki takalmansa ya taka a hankali, ya zauna kusa da Munir.

"Yaya, mi kake yi haka?"

"Yusuhu, rabin garin nan ci-rani ya rene shi. Shekarar da anka kore mu daga Abijan, mu ma ɓarayi anka ce muna, ban kuwa taɓa ɗaukar ko allura ba. Wa ya ga yaron ga da tunkiya?" Ya dubi Umaru, Umaru ya dubi ƙasa. "To yau ni na ubanai. Na zo biɗar ɗiyakka ma ɗana. Kore ni, in kana iyawa."

Samarin bakin hanya suka fara sulalewa.

"Na ba ka, Yaya," in ji Malam Yusuf.

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure. Liman ya tambaya, "Wa ke karɓa ma ango?"

"Ni, ubanai," in ji Baba Alƙasim.

Munir ya rufe fuska da hannun riga ya fashe da kuka, ba wanda ya hana shi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.