Kwaɗon da Ramla Ta Mayar

"Wallahi Inna, wanga kwaɗo ba shi kwana gidan nan!"

Ramla ce ke wannan rantsuwa da hantsi, tana durƙushe gaban akwatunan lefenta a ɗakin mahaifiyarta. Ta danna kwaɗon ya ce ƙas, tana sakinsa ya wangale baki kamar mai hamma. Ta ɗiga masa man gyaɗa, ta ƙwanƙwasa shi da muciya, duk a banza. Kwaɗon da ya zo da akwatunan daga gidan ango makullinsa ya ɓace a hannun 'yan ganin kaya, dole aka fasa shi, shi ne jiya ta sayo wannan.

Inna Azara tana tankaɗe a bakin ƙofa, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Jehwa shi bayan ɗaki ki huta. Kuɗin kabu-kabun da za ki biya zuwa kasuwa ya hi kuɗinshi."

"Da ƙahwa zan tahi."

"Cikin ranar ga? Don kwaɗo?"

"Ba kwaɗon ba ne Inna, gaskiyata ce! A sayar mini da abin da ba shi aiki, kuma in yi shiru?"

Halin Ramla ke nan. Yarinya ce mai ladabi, ta yi lakwal, wato makarantar boko, ga iya girki, amma Allah bai hore mata barin abu ya wuce ba. Ta taɓa mayar da ashana don ta sha danshi. Ta mayar da allura wai kafarta ta yi ƙanƙanta. Masu tebur na unguwarsu a Dakoro in suka hango ta da ƙulli a hannu, sai kowa ya fara tunanin abin da ya sayar mata.

"Butik ɗin surukinki ne hwa," in ji Inna. "Ina kunya?"

"Huzaifa ne ciki Inna, Alhaji ba shi zama. Shi canza mini, in yi mishi tsiya, in dawo."

Huzaifa shi ne angon, ɗan Alhaji Rabo mai kanti, kuma an sa bikinsu kafin saukar damina. Shi ya sayar mata da kwaɗon. Har cewa ya yi ta ɗauka kado ne, wato kyauta, ta ce a'a, ciniki daban soyayya daban. Ta ƙulle kwaɗon da makullinsa a hankici, ta zura hijabi ta fice, Inna na kira tana ƙara sauri.

Sai da ta sa ƙafa cikin kantin, gumi na tsiyaya, ta ga wanda ke zaune. Ba Huzaifa ba ne, ashe shi ya yi sammakon Maradi sarin kaya. Alhaji Rabo ne da kansa, ga abokansa dattawa a kan benci suna shan shayi. Yarinyar da aka kai wa lefe ko a hanya ta hango uban saurayinta kaucewa take yi, balle ta shigo masa har wurin sana'a. Ta zube ta gaishe su.

"Lahiya ɗiyata? Mi ke tahe da ke?"

Da ta ce sabulu ta zo saye, da shi ke nan. Amma ƙullin na hannunta, Alhaji kuma shi yake kallo, kunya ta ɗaure mata harshe. Ta ɗora shi a kan teburin.

"Maido shi na yi, Baba... bai yi mini ba."

Ta miƙe ta fita kamar an koro ta.

Alhaji ya kwance hankicin. Kwaɗo ne da makulli, irin wanda shi da hannunsa ya sa wa akwatunan lefe. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya yi salati. Ai kowa ya san in gidan amarya suka aiko da kwaɗon lefe da makullinsa, cewa suka yi a zo a kwashe kaya. Kuma ga shi ta faɗa da bakinta, bai yi mata ba. Wa? Ɗansa mana! Bawan Allah bai tsaya tambayar kowa ba. Ya kira Huzaifa a waya.

"Sun maido kaya. Ta ce ba ka yi mata ba, gaban mutane ta hwaɗi." Ya kashe.

Ramla kuwa ta isa gida tana ta kiran Huzaifa don ta ba shi labarin kunyar da ta sha. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, daga baya ma aka rufe ta. Haushi ya kama ta, ga kwaɗo ya tafi, ga sabo ba ta karɓo ba.

Da la'asar sai ga Gwaggo Uwale, ƙanwar Alhaji Rabo, da mata a bayanta da amalanken jaki a ƙofar gida. Sallamarta ma da faɗa ta shigo.

"Ku hiddo muna kayanmu! Tunda ɗanmu bai yi ba, sai ku jira ɗan gwamna!"

"Subhanallahi, Uwale, mi ya hwaru?" in ji Inna.

Ramla ta fito da gudu. "Gwaggo, don Allah ki tsaya, kwaɗon ne bai—"

"Ruhe mini baki, marar ta ido! Ɗiyar da ta iya taka kasuwa ta ci mutuncin suruki, ai daga gida ta koyo. Gida babu tarbiyya, babu mai hwaɗa a ji! Mu munka ruhwa muku asiri!"

Daidai nan Malam Tanimu, mahaifin Ramla, ya shigo daga gyaran gona da gatari a kafaɗa. Kalmar tarbiyya ita ta tare shi a bakin zaure. Inna ta yi masa bayani cikin gaggawa, ya kuma fahimci kuskure ne. Amma zagin ya riga ya shiga, maƙwabta kuma sun cika bakin darni suna ji.

"Ku kwashe," ya ce a hankali. "Ko tsinke kada ku bari. Gidan da babu tarbiyya ba shi da ɗiyar da zai ba ku."

Ramla ta faɗi kan babban akwatin tana kuka, Inna ta janye ta. Tana kallo aka ɗora su ɗaya bayan ɗaya, jaki ya ja.

Washegari Huzaifa ya dawo, ido jawur. Alhaji ya tura masa hankicin ya ce ga shaida. Yana ganin kwaɗon ya ɗora hannu a ka.

"Baba! Wanga ai ni na sayar mata shi shekaranjiya! Kwaɗon ne bai yi mata ba, ba ni ba!"

Alhaji ya danna, kwaɗo ya buɗe. Ya jawo kwalinsu yana gwadawa, wasu su kama, wasu su ƙi. Ya daɗe da sanin akwai marasa kyau a ciki, ya ga komawa Maradi saboda su ɓata mai ne, ya bar su a kanti yana cewa wa zai dawo don kwaɗo.

Huzaifa ya kira Ramla.

"Haba Huzaifa! Kai ma ka yarda zan ce ba ka yi mini ba? Ka ruhe waya ko tambayata ba ka yi ba?"

"Ki yahe mini Ramla, wallahi kaina ne ya ɗaure. Amma ke ma, fisabilillahi, kwaɗo? Da kin kira ni ai da na kawo miki goma har gida!"

"To ai ga shi na gani!" Ta fashe da kuka.

Aka aiko dattawa ban haƙuri, Malam Tanimu ya ba su ruwa ya sallame su. Aka aiko liman, Malam ya ce zai yi tunani. Ranar da aka sa ta zo ta wuce, damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, tunanin Malam bai ƙare ba. Ƙawayen Ramla suka yi ta shiga ɗakunansu tana kai su. A rijiya 'yan mata suka sa mata suna Mai Mayarwa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kowa ya san gaskiya, babu mai musu, amma gaskiyar ta kasa dawo da akwati ko ɗaya. Ta rame, ta zama ba ta son fita.

Rannan ta zari hijabi ta ce gidan Gwaggo Uwale za ta, sai ta janye maganarta gaban mutanen da ta yi ta. Inna ta tare ƙofa.

"Kin tahi sau guda mun ga abin da kinka kwaso. Zauna. Wanga karon haƙuri za ki yi, ko da shina ƙona ki."

Ta zauna. Ya ƙone ta ƙwarai, amma ta zauna. Ta ci gaba da kai wa mahaifinta fura gona, ba ta taɓa ɗaga masa maganar ba. Huzaifa ma danginsa sun nuna masa wata a Kornaka, ya ce shi yana jira.

Sai da aka ɗaure damman hatsi Alhaji Rabo ya ajiye girma ya zo da ƙafarsa, ya taso Gwaggo Uwale a gaba. A zaure ya ce laifinsa biyu ne, ya sayar da abin da ya san ba shi da kyau, ya kuma yanke hukunci bai tambaya ba. Gwaggo Uwale ta sunkuyar da kai ta ce sharrin zuciya ne, a yafe mata. Malam Tanimu ya sa aka kira Ramla. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ke kinka hwara, ke za ki ƙare," ya ce. "Na san ki, ba ki barin hakkinki ko na allura ne. Wagga baiwar Allah ta zage ki gaban unguwa. In kin ce sai ta koma gaban unguwa ta janye, ina bayanki, ko da auren zai tahi ke nan. Mi kinka ce?"

Abin da ta kwashe damina tana so ke nan, ga shi an miƙo mata. Ta kuma san Gwaggo Uwale ba za ta taɓa yi ba, Alhaji kuma ba zai tilasta wa ƙanwarsa ba. Hawaye suka zubo mata.

"Baba, na bar mata. Kwaɗo na mayar, ban mayar da miji ba."

Gwaggo Uwale ta rufe fuska da mayafi ta kama kuka. Malam Tanimu ya dubi Alhaji Rabo.

"Ku maido akwatunan."

Aka ɗaura aure bayan kaka, Dakoro ta sha biki.

To 'yan uwana matasa, neman hakki ba laifi ba ne, mai sayar da jabu kuma Allah na ganinsa. Amma kafin ku ɗauki ƙafa saboda ƙaramin abu, ku dubi abin da za ku taka a hanya, in kuma za ku yi magana ku yi ta a cike. Ramla tana da gaskiya tun ranar farko, gaskiyar ba ta hana ta kukan damina guda ba. Sai ranar da ta iya cewa ta bari sannan ta samu mijinta.